Aikin gida a kwas ɗin ƙididdiga na 'yan aji ɗaya: ta yaya za su saba da yi da kansu?

Baban Sadik: Assalamu alaikum. Iyaye da yayye malamai da ke wannan zaure, shawara nake nema. Bana aka ɗora mini STA 111, kwas ɗin farko na ƙididdiga na 'yan aji ɗaya. Ɗaliban sun haura ɗari uku, an haɗo su daga sassa daban-daban. Na ba su aikin gida: jerin alƙaluma ne, su fitar da matsakaici da ɗan tsakiya (lambar da ke tsakiya in an jera su daga ƙarama zuwa babba) da mafi maimaituwa, su lissafa SD (ma'aunin yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaici), su zana histogiram (zanen sanduna mai nuna yawan kowane rukuni). Da takardu suka zo, amsa iri biyu ce kawai ta zagaye ajin. Wanda ya fara yi ya juya 74 ta koma 47, kowa ya bi shi a haka. Wani ma har lambar rajistar wanda ya kwafa a wurinsa ya kwashe. Ni ba kamun ɓarawo ne ya dame ni ba. So nake su saba da zama su yi da kansu. Ku yaya kuke yi?

Na Funtuwa: Wa'alaikumus salam. Malam, barka da shigowa gida. Tun muna ɗalibai haka abin yake. Ka bar ba da aikin gida, ka yi tes biyu a aji, ka raba makin CA, wato makin ayyukan cikin zango kafin jarrabawa, a kansu, ka huta. Aikin gida a aji mai mutum ɗari uku mai fotokwafi kaɗai yake amfana.

Maman Ilham: Haba Malam Na Funtuwa, daga zuwan yaro da tambaya sai a ce ya ajiye makami? Ƙididdiga ba a koyonta da kallo. Ɗalibi zai zauna a lakca yana gyaɗa kai, ya rantse ya gane, ka ba shi biro da lambobi goma ya rasa inda zai soma. Idan bai yi da hannunsa a gida ba, ranar tes ɗin taka ce ranar farko da zai gwada. To me ka auna ke nan?

Na Funtuwa: Hajiya, na auna wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba. Aikina ke nan.

Malamin Sakandare: Ku yi haƙuri in sa baki, tunda daga hannunmu suke fitowa. Yaran nan ba baƙi ba ne ga darasin. Manhajar WAEC da NECO tana da matsakaici, da tebur na rukuni-rukuni, da histogiram, da ojib (zanen layi mai nuna tarin adadi), har da SD. Amma yadda muke koyar da shi na cin jarrabawa ne: ga fomula, ga inda za ka zuba lamba, ga amsa. Ba a taɓa tambayarsa me amsar take nufi ba. Aikin gida kuma, a makarantu da yawa, abin da ake yi ne da safe kafin asambali a kan cinya, daga littafin aboki, kuma malami ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Shekara shida yana haka. Ba zai sauya a mako biyu don ya shiga jami'a ba.

Akwai kuma wani tarko da nake so Baban Sadik ya lura da shi. Mu a sakandare da n, wato adadin lambobin da ke jerin, muke rabawa wajen SD. Ku kuma da an shiga maganar samfur, wato ɗan kashin da aka zaro daga cikin taro, sai ku raba da n−1. Ɗauki 48, 50, 52. Yaron da ya bi hanyarmu zai samu kusan 1.63, kai kuma amsarka 2. Kalkuletar Casio da suke riƙewa tana ba da duka biyun, ɗaya kusa da ɗaya. Yaro ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya ga amsarsa ta saɓa da ta wanda ake ce wa gwanin aji, sai ya soke tasa ya kwafi ta gwani. Wannan ba lalaci ba ne, rashin yarda da kai ne.

Baban Sadik: Wallahi Malam wannan ta faru. Na ga takardu da aka goge amsa aka sake rubuta wata.

Dakta Tsohon Hannu: Baban Sadik, na daɗe ina ɗaukar irin wannan kwas, bari in faɗi abin da nake yi, ka ɗauki mai amfani.

Babban abin da ke kashe aikin gida a wurinmu shi ne girma da jinkiri. Malami ya yi shiru har tsakiyar zango, sannan ya sauke tambaya goma sha biyu lokaci guda, ya ce maki goma ne, a kawo nan da mako biyu. Yaro ya ajiye sai daren ƙarshe. A daren nan ba abin da zai iya sai kwafa. Ku dubi makarantar allo da yawancinmu muka yi. Malam ba ya rubuta maka izu guda ya ce ka dawo bayan wata. 'Yan layuka ne, ka biya a gabansa, ka wanke, a yi maka ƙari. Kuma ba a ƙari sai an ji biyawarka. Haka nake tafiyar da nawa: kowane mako tambaya biyu, ba ta wuce aikin rabin awa ba, a kan abin da aka yi a lakcar makon. Makonni uku na farko ma da gangan nake sauƙaƙawa, don yaro ya ɗanɗana cewa zai iya.

Tambaya ta farko lissafi ce. Ta biyu kullum jimla ɗaya ce ko biyu ta bayani. Misali, 'yan kasuwa biyar, cinikinsu na yini naira 2,000, 2,500, 3,000, 3,500 da 39,000. Matsakaici 10,000, ɗan tsakiya 3,000. Kowa zai iya fitar da wannan. Sai in ce: wani ya tsaya ya ce 'yan kasuwar nan kowa na cinikin dubu goma a yini, gaskiya ya faɗa ko yaudara? Wace lamba ce ta fi bayyana halin da suke ciki, kuma me ya sa? A nan ake gane wanda ya fahimta. Kuma idan mutum arba'in suka kawo mini jimla ɗaya kalma da kalma, ba sai na yi bincike ba.

Wajen lissafin kuma, kowa da lambobinsa. Nakan sa lamba biyun ƙarshe na rajistar ɗalibi cikin alƙaluman.

Na Funtuwa: Ranka ya daɗe, a nan ina da magana. Na ga masu cewa kowa ya tara lambar rajistarsa a kan kowace lamba da ke jerin. Matsakaici zai sauya, amma SD ba za ta motsa ba ko kaɗan, don tara lamba ɗaya a kan kowa ba ya sauya tazarar da ke tsakaninsu. Yaran nan kuwa ba su da wayon karatu amma suna da wayon gano irin wannan. Kwana ɗaya ya isa labari ya zagaye hostel.

Dakta Tsohon Hannu: Gaskiyarka, shi ya sa ban ce a tara a kan kowace ba. Gurbi ɗaya nake bari a jerin, lambar ɗalibi ta zauna a nan. Da haka matsakaici da SD duk sun bambanta, wani lokaci har ɗan tsakiya. Amma ka ga abin da ka faɗa ɗin nan? Yaron da ya gano da kansa cewa tari ba ya taɓa SD, don kawai ya samu hanyar kwafa, ya fahimci abin da nake ɓata lakca guda ina bayani. Irinsa ƙarin maki zan ba shi.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, to dubawa fa? Takarda ɗari uku kowane mako, kowa da amsarsa, ga wasu kwasa-kwasan, ga gida. Ni ina da 'yan difloma aji biyu.

Dakta Tsohon Hannu: Hajiya, Excel ke yin lissafin. Ki jera lambobin rajista a layi ɗaya, ki rubuta fomula sau ɗaya, ki ja ta ƙasa, amsar kowa ta fito a gaban sunansa. In suka turo amsar lissafi ta Google Forms ma daidaitawa kawai za ki yi. Jimlolin bayani kuwa ba na karanta duka kowane mako. Nakan zaro kamar kashi ɗaya cikin biyar, su ba su san na wa zai faɗo ba. Muna koyar da ɗaukar samfur, ai sai mu yi aiki da shi.

Ɗalibar Aji Biyu: Assalamu alaikum malamai. Ku gafarce ni, ni ɗaliba ce, bara na yi wannan kwas ɗin, ko zan iya magana?

Admin: Bismillah 'yata, zauren na kowa ne.

Ɗalibar Aji Biyu: Na gode Baba. Ba don in kare masu kwafa ba, amma akwai abin da ba a gani daga kan dandamalin lakca. Mu a namu ajin, misalin da aka yi mana a allo lambobi biyar ne. Aikin gida ya zo da tebur mai rukuni takwas, da wasu alamomi da ba mu taɓa gani ba, don malamin ya ɗauko tambayar daga wani littafi da ke rubuta alamominsa daban da handawut ɗinmu. Wanda ke bayan aji ma ba ya jin lakcar, lasifika ba ta aiki. In ka ɗaga hannu a cikin mutum ɗari uku ka yi tambaya da turancin da bai nuna ba, dariya za a yi maka har a gama zango ana kwaikwayonka. To wa za ka tambaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba mu taɓa ganin takardarmu ta dawo ba. Mu ba wakilin aji, shi ke nan. Na yi aikin farko da kaina, na kwana a kai, har yau ban san daidai na yi ko kuskure ba. Ƙawata ta kwafa cikin minti goma, makinmu na CA ya fito ɗaya. Ku faɗa mini, a aiki na biyu me zai sa in sake kwana?

Sannan maganar Google Forms, Malam, a yi la'akari. Akwai waɗanda ba su da babbar waya, akwai ranar da babu wuta kwana biyu, caji ma sai an biya.

Maman Ilham: Kun ji ko? Wannan yarinyar ta faɗi abin da duk muka kewaye.

Dakta Tsohon Hannu: Allah ya yi miki albarka 'yata. Maganar waya na karɓa, wanda ba shi da ita ya kawo a takarda. Maganar dawo da aiki kuwa ita ce ginshiƙin abin. Ko ba a mayar wa kowa takardarsa ba, minti goma na farkon lakca ta gaba na aikin makon jiya ne. In warware shi a allo, in ce ga kurakurai uku da suka fi yawa, ba tare da kiran sunan kowa ba. Aikin da ba a dawo an yi maganarsa ba, gara ba a bayar ba. A nan kam ina tare da Na Funtuwa.

Na Funtuwa: Alhamdu lillahi, yau Dakta ya ba ni gaskiya a bainar jama'a. Admin a rubuta.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada. Bayan babbar lakca akwai abin da muke kira TD, ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba su takardar tambayoyi tun kafin ranar, su gwada a gida, ranar TD a kira mutum ya hau allo ya yi. Ba a cika ba da maki a kan takardar kanta ba, amma sanin cewa ana iya kiranka gaban 'yan'uwanka ya isa ya sa ka buɗe ta. Ba na ce babu matsala ba, in ɗalibai suka yi yawa rukunin TD ma yakan koma wata lakcar. Amma ku ba ku da irin wannan sa'a a jadawali?

Baban Sadik: A takarda akwai tutoriyal. A aikace babu ɗaki, babu mai ɗauka.

Maman Ilham: Ni 'yan aji na sama nake roƙa, waɗanda suka ci kwas ɗin da kyau. Kowane ya riƙe mutum ashirin ranar Asabar da safe, ko a gindin bishiya ne. Yaro ya fi sakin jiki ya ce wa ɗan'uwansa ɗalibi ban gane ba, kuma a can da Hausa ake bayanin. Sharaɗi ɗaya na kafa musu: kada su warware tambayar aikin gida kanta, su yi mai kama da ita.

Wani abu kuma tun kafin Baban Sadik ya kai babin yiwuwa, wato furobabiliti. Littattafan da muke ɗauko tambaya daga ciki cike suke da karta mai 52 da jefa kwabo. Yawancin 'yan matan ajina ba su taɓa riƙe wannan kartar ba, ba su san kala nawa ce ba, wasu ma kallon kayan caca suke yi mata. Yaro ya faɗi tambaya ba don bai iya lissafi ba, sai don bai san mene ne a cikin kartar ba. Kwabo kuwa, wanda aka haifa bayan 2005 a ina ya ga ana ciniki da shi?

Ɗan Maraɗi: Hajiya ku aiko a sayo muku, mu har gobe muna kashe silalla a kasuwa.

Maman Ilham: Sai ka haɗo da kilishi. Ni dai ɗan ludo nake amfani da shi, kowa ya san shi. 'Ya'yan ludo biyu, hanya 36 suke iya faɗuwa, shida daga ciki ke ba da jimlar 7, ka ga ɗaya cikin shida ke nan. A madadin kwabo kuma murfin kwalbar lemo. Kowa ya jefa sau 50 a gida, ya rubuto sau nawa ya faɗi a kife. Daɗin murfin shi ne babu wanda ya san amsar tun farko, har ni, don ba rabi da rabi ba ne dole kamar kwabo. Sai mu tara na ajin gaba ɗaya a allo, su ga yadda na mutum ɗaya ke tsalle amma na taro ya natsu wuri guda.

Na Funtuwa: Sai ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro lamba ya ce ya jefa.

Maman Ilham: Wasu za su yi. Amma nakan ce a rubuto jerin yadda ya faɗo ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙirƙira tsoron maimaici yake, ba zai rubuta kife sau shida a jere ba, alhali a jifa na gaske irin wannan jerin yakan fito. In na nuna musu haka a aji sai ka ga ana kallon juna.

Malamin Sakandare: To ga babbar giwa ba a taɓa ba. ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi, ya fito a ƙarshen 2022, yanzu kuwa yaro hoton tambaya kawai zai ɗauka. Ko lambar rajistarsa ce a ciki zai lissafa masa, har jimlar bayanin Dakta zai rubuta masa da turanci mai kyau.

Na Funtuwa: Yauwa. Mun dawo kan maganata ta farko.

Dakta Tsohon Hannu: Ba mu dawo ba. Shi ya sa na ce sai an biya. Makin aikin gida kaɗan ne a wurina, na ƙoƙari ne, ka yi ka kawo a kan lokaci ka samu. Makin mai nauyi yana kan 'yar tambayar minti biyar da nake yi a aji ba tare da sanarwa ba, ƙanwar tambayar aikin gida ce, lambobi kawai na sauya. Wanda ya yi da kansa zai gama kafin lokaci. Wanda waya ta yi masa zai zauna yana kallon silin. Bayan sau biyu ba sai na yi wa'azi ba, su da kansu za su gane aikin gidan shiri ne na abin da ke zuwa. Ban hana su tambayar na'ura ba, in za ta yi musu bayanin da ni ban samu lokacin yi ba, madalla.

Na Funtuwa: Ranka ya daɗe, makin ƙoƙari ban yarda da shi ba. Amsa ko daidai ce ko ba daidai ba. In ka ba mai kuskure maki don ya yi gumi, gobe shi ne zai zauna a ofis ya lissafa wa asibiti adadin allurar rigakafi.

Maman Ilham: Jarrabawa na nan da makinta 60 ko 70, can za a tace. Aikin gida wurin yin kuskure ne. In ka hukunta kuskure a can, ka koya masa ɓoye shi, hanyar ɓoyewa kuwa ita ce kwafa.

Na Funtuwa: Ban gamsu ba, amma na ji.

Baban Sadik: Tambaya ta gaba: jimlar bayanin, in yaro ya rubuta da Hausa in karɓa? Na lura wasu sun gane amma turancin ke tauye su.

Maman Ilham: Ni ina karɓa a makonnin farko.

Dakta Tsohon Hannu: Ni ba na karɓa a rubuce. Ajin ba Hausawa kaɗai ba ne, kuma jarrabawa da furojet duk da turanci za su rubuta. A tutoriyal a yi da kowane harshe. A takarda ya rubuta turancinsa ko a karye ne, ba na cire maki don nahawu.

Maman Ilham: A nan mun rabu, Malam. Ni fahimtar nake fara nema.

Dakta Tsohon Hannu: Allah ya bar mu tare a sauran. Baban Sadik, in kun yi nisa akwai aiki biyu da ba sa ba ni kunya. Na farko alƙaluman da masanin ƙididdiga Anscombe ya fitar a 1973: jeri huɗu, kowane da ɗigo 11, matsakaicinsu ɗaya, ma'aunin alaƙar da ke tsakanin lambobinsu kusan 0.82 duka, layin da ya ratsa su ɗaya. Ka raba ajin huɗu, kowane kashi ya lissafa nasa ya zana a gida. A aji lambobi su zo iri ɗaya, zane kuwa ko kama babu, ɗaya ma lanƙwasa ce. Daga ranar ba ka ƙara roƙon kowa ya yi zane kafin lissafi.

Na biyu na ɗaukar samfur ne. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan goma, sama da miliyan biyu suka dawo, ta ce ɗan takara Landon zai kayar da shugaba mai ci Roosevelt. Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso da yawansu, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga damar amsawa kaɗai aka ƙirga. Ina ba su labarin, sai in ce: wani ya yi ƙuri'a a Facebook, mutum dubu ashirin sun amsa, ya ce ra'ayin mutanen jiharku ke nan. Rubuto mutum iri uku da wannan ƙuri'a ba za ta taɓa kaiwa gare su ba. Amsoshin da nake samu a nan sun fi na kowane mako daɗin karantawa, don kowa kakarsa ta ƙauye yake fara tunawa.

Ɗalibar Aji Biyu: Malam, aikin rukuni fa? Mu an taɓa haɗa mu goma-goma, mutum ɗaya ya yi, sauran suka ba da kuɗin bugawa aka sa sunansu.

Maman Ilham: Kada ya wuce mutum uku, kuma malami ne zai zaɓi wanda zai tashi ya yi bayani, ba su ba.

Baban Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan fara da tambaya biyu, in kuma yi musu bayanin n da n−1 da kalkuleta a hannu kafin komai. Saura matsala ɗaya: har yanzu ana ta rajista, kowane mako sababbin fuska nake gani, ga 'yan kariyoba, masu maimaita kwas ɗin, da lakcarsu ke karo da tawa. Waɗanda suka rasa makonnin farko fa?

Dakta Tsohon Hannu: In ka ba da aiki goma, ka ƙirga mafi kyau bakwai. Ka sanar tun yanzu, ka rubuta a allo. Da haka ba mai zuwa ofishinka da labarin rasuwar kaka, kuma wanda ya zo a makare bai rasa komai ba.

Admin: Dakta, mutum huɗu sun yi mini magana ta gefe suna son wannan Excel ɗin. A taimaka a saka shi a zaure.

Dakta Tsohon Hannu: Yana kwamfutar ofis. In an kawo wuta bayan la'asar zan cire sunayen ɗalibaina in turo.